Sharar Juma'a a Zauren Gwaggo

Ranar Laraba da hantsi Gwaggo ta cika, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Allah ya ji ƙanta, ya ba ta hutun da ba ta taɓa yarda ta ba kanta ba. Gidanta na Sabon Gari ya cika har ya batse. Maza na rumfa a ƙofar gida, mata na tsakar gida, direbobin tasha sun ajiye motocinsu sun zo, matan coci kuma sun zauna gefe guda da ankonsu suna share hawaye. Kowa da abin da yake faɗa. Wani tsohon direba ya ce shekara da shekaru yana cin tuwonta, bai taɓa cinsa ba tare da faɗa ba, kuma yanzu bai san inda zai samu faɗan ba. Matar fasto, wadda ita ce mataimakiyarta a ƙungiya, sai maimaitawa take yi da irin Hausarta: "Wannan mata, Allah ya yi shi daban. Shi ne uwanmu duka." A bayana kuwa na ji wata daga cikin danginmu tana raɗa cewa ta tara wa kanta masu taɓin hankali, ga shi ta tafi ta bar wa mutane jidali.

Ni ma an yi da ni, kuma har yau ba a daina ba. Ranar Juma'a, ranar sadakar uku, ana shafa addu'a na ja mayafina na fita, na tari ɗan acaba na tafi shagon intanet. Kafin na dawo labari ya zagaye gidan. "'Yar ƙaninta ce fa, wadda ta raina da hannunta. Ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba ta tafi latse-latsen kwamfuta." Ban tanka wa kowa ba a lokacin, don gidan makoki ba wurin musu ba ne. Yanzu da aka naɗe tabarmi zan ba da amsa, kuma ba haƙuri nake bai wa kowa ba. Na fita, kuma da za a maimaita ranar da na sake fita.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Kakanmu tela ne da ya biyo hanyar jirgin ƙasa ya zauna a Minna yana ɗinka wa ma'aikata kaki, shi ya gina gidan nan. Ita kuma tuwo ta sayar a bakin tasha tun ina goye. Ta haihu sau uku, babu wanda ya zauna, sai ta ɗauke ni. Kullum da goro a ƙulle a gefen zaninta, kuma ba ta iya cewa sannu ta yi shiru ba, sai ta ɗora da gyara: sannu, amma wannan tafiyar taki ta raggwaye ce. Ba ta yi boko ba. Da na fara aikin buga takardu a wata ma'aikata sai ta raɗa mini suna Akawu, kuma da shi ta kira ni har ta koma ga Allah.

Wanda ya zauna a bakin tasha yana ganin abin da mota ke saukewa ta wuce. Tsoho ya sauka ya manta garin da za shi. Mace ta sauka hankalinta ya gushe, tana ta zagaya rumfuna har kasuwa ta watse. Mutane na cewa Allah sarki su wuce, Gwaggo kuwa sai ta zuba tuwo, ta ja mutum gida, ta yi masa wanka ko ta sa a yi masa, sannan ta shiga cigiya. Ta aika direbobi da kwatance, ta kai sanarwa gidan rediyo. Maganarta guda ce: "Mutum ba ya faɗowa daga sama. Kowa yana da mai shi." Da kaɗan-kaɗan mata suka taru a bayanta, matar fasto da wata tsohuwar nas da masu sayar da doya, har aka yi wa abin rajista. Sunan da ke takarda dogo ne, ba mai faɗarsa. Kowa ƙungiyar cigiya yake cewa.

A cikin waɗanda ta tsinta akwai wadda muka kira Baƙuwa, don ba ta taɓa faɗin sunanta ba. Wata damina ta sauka daga motar kaya ba takalmi, mace mai matsakaicin shekaru, ba ta cewa komai sai "na gode". Lahadin farko da aka kaɗa ƙararrawar cocin bayan gida sai ta durƙusa ta rufe ido. Gwaggo ta dube ta, ta aika aka kira matar fasto, ta ce daga yau duk Lahadi ki zo ki tafi da ita. Baffa, ƙanin su Gwaggo da mahaifina, ya zo yana huci.

"Yaya, a gidan ubanmu za a riƙa fita coci?"

"Don gidan ubanmu ne ma," in ji ta. "Shi da ya zo garin nan, a bakin tasha ya kwana, wani ya ja shi gida. Ka tambaye shi addinin wanda ya ja shi?"

Baffa ya ce ai Baba ya rasu, ta yaya zai tambaye shi. Ta ce to ka bari sai kun haɗu. Ya kaɗa riga ya fita, Baƙuwa kuma ta ci gaba da zuwa cocinta.

Shekarar da aka kwashe mana tafireta a ofis aka kawo kwamfuta, an tura mu kwas, na dawo kaina na hayaƙi. Na ce wa Gwaggo akwai wani bango da za a liƙa hoto a nan Minna, mutum yana Legas ko Fatakwal ya gani. Ta ce ƙarya nake. Na rantse. Ta ci gaba da tauna goro, can ta ce, "To wannan ai zaure ne. Gina mana."

Wata guda na yi ina ginawa, duk ranar da na tashi aiki sai na biya shagon intanet kafin na wuce gidana a Maitumbi. Da na gama na ɗauko ta da alfahari na zaunar da ita gaban kwamfuta. Na zuba furanni masu ƙyalli suna juyawa, na rubuta dogon jawabi da Turancin da ni kaina sai da ƙamus, na jera sunayen iyayen ƙungiya, can sama kuma ga hoton Baffa da babbar riga, don shi ya ce a sa shi a matsayin uban ƙungiya. Layin intanet na wancan lokacin sai a hankali. Hoton ya riƙa saukowa kaɗan-kaɗan, hula ta fito, goshi ya fito, muna zaune har ta gama goro guda kafin a kai ga gemu.

"Akawu, gidan biki kika gina?"

Na fara bayani, ta ɗaga mini hannu.

"Wanda uwarsa ta ɓata ya sayi minti talatin da kuɗin abincinsa, ya yi sallama, sai ya ci karo da Baffanki? Baffanki ya ɓata ne? Kowa ya san inda yake, yana gindin mangwaro yana gulma."

Mai shagon ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage. A ranar ta shimfiɗa mini yadda take son zaurenta, kuma duk abin da na karanta daga baya a kan gina shafi bai wuce abin da ta faɗa ba. Da an buɗe, fuskokin mutanen za a fara gani. A ƙarƙashin kowace fuska a faɗi inda aka tsince shi da abin da yake yawan faɗa. Lambar wayarta ta zama da manyan baƙaƙe, yadda mai ciwon ido ma zai gani. A rubuta da Hausa, a rubuta da Turanci mai sauƙi. Hotuna su zama marasa nauyi, su buɗe kafin lokacin mutum ya ƙare. Sunan shafin ma ta sa na gajarta shi har sau biyu, ta ce tana son wanda za a faɗa a rediyo sau ɗaya mutum ya riƙe, wanda direba zai rubuta a tafin hannu.

Da na gyara ba ta yarda da bakina ba. Ta fita titi ta kamo wani kwandasta mai furfura da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ta zaunar da shi, ta ce ya nemo mata matar da aka tsinta a tasha. Ta hana ni buɗe baki. Ya yi ta lalube ya kasa. Ta ce a sake. Sai a karo na uku, da wani kwandastan, aka samu wanda ya kai ga hoton ba tare da an nuna masa ba, sannan ta ce yanzu an yi ƙofa.

Daga nan ta kafa mini doka. Ranar Juma'a muna tashi aiki da wuri, don haka Juma'a ce ranar shara. In je in buɗe akwatin saƙonni, in amsa kowane ɗaya, har na masu zagi da na masu tambayar banza. In sa sababbin fuskoki. Wanda danginsa suka zo kuma in cire hotonsa a Juma'ar da ta biyo baya, kada a bar mutum a rataye bayan ya koma gida. "Zauren da ake sallama ba a amsawa kango ne," haka take cewa. Nakan buga saƙonnin a takarda in kawo mata, ta jingina da bango in karanta, ita kuma ta faɗi amsa. Sau da yawa sai na rage wa amsar barkono kafin na aika. Matar fasto ta ɗauki sunan shafin ta raba wa matan zumunta duk taron da ta je, direbobi suka liƙa takardunmu a tashoshi, mutane suka fara zuwa ɗaukar nasu.

Yanzu zan faɗi laifina, don kada a ce na zo wanke kaina ne.

Baffa yana da suruki da ke aiki da masu ba da tallafi a Abuja. Mutumin kirki ne, ba na ɗora masa komai. Ya duba shafinmu ya ce ya yi tsabta da yawa. Ya ce masu taimako ba sa motsi sai sun ga abin tausayi, a riƙa ɗaukar mutum yadda aka tsince shi, da tsummansa da dauɗarsa, shi ne hoton da ke buɗe hannu. A lokacin rufin ɗakin baƙi na zuba, kuma ni ma, in faɗi gaskiya, ina son a ce Akawu ta iya aiki irin na Abuja. Sai aka kira mu unguwar Dutsen Kura, an ga wani tsoho kwance a bakin kwata. Na riga Gwaggo isa. Kafin ta iso da zane da sabulu na ciro kyamara na ɗauke shi yadda yake, wando a yage, baki a buɗe. Juma'ar nan na sa shi a shafi, ban gaya mata ba.

Bayan mako biyu wayarta ta yi ƙara ina zaune. Muryar namiji ce, a natse, mai Hausar 'yan boko. Ya tambaya ko ƙaramin yatsan tsohon na hagu a guntule yake. Ta ce e. Ya tambaya ko yana gyaran murya sau biyu kafin ya yi magana. Ta ce e. Sannan ya ce, "Yana cin abinci kuwa?" Ta ce yana ci. Sai ya ce, "Ba shi ba ne," ya kashe waya.

Gwaggo ta daɗe tana kallon wayar. "Ɗansa ne," ta ce. "Bare ba ya tambaya ko mutum na cin abinci. Me ya gani da ya kore shi?" Ta juyo ta dube ni, kuma na san ta gane tun kafin na sunkuyar da kai. Ta sa ni gaba har shagon, ta ce buɗe. Na buɗe.

Gwaggo ta ƙura wa hoton ido. Da ta yi magana a hankali ta yi. "Kin tuɓe shi a tsakiyar kasuwa."

Na ce rufi na zuba. Na ce haka ake yi a ko'ina, masana ne suka faɗa.

"Cigiya muke yi ko bara? Danginsa a cikin tsumma suka san shi? Mutumin da ya fita gidansa da hula, kin nuna shi haka, wa zai miƙe a gaban jama'a ya ce nawa ne?"

Na cire hoton nan take, washegari aka yi wa tsohon aski aka sa masa riga da hula aka sake ɗauka. Amma na farkon ya riga ya yi tafiyarsa. Mun kira lambar nan har muka gaji, ba a ɗauka. Tsohon ya rasu kafin damina ta fita, mu muka yi masa sutura. Bayan an binne shi da kwanaki sai ga ɗan ya zo, babban mutum da mota. Ya zauna a zaure yana kuka, ya ce a ofishinsu aka buga hoton aka riƙa miƙa wa juna ana kaɗa kai, wasu na dariya, har ya iso teburinsa. Ya gane ubansa, ya miƙa wa na gaba. Na zaci Gwaggo za ta wanke shi tas. Ba ta yi ba. Ta zuba masa tuwo, ta tsaya a kansa sai da ya ci, ta ɗauko hular tsohon ta ba shi, ta sa a raka shi maƙabarta.

Ni ce ta daina yi wa magana. Juma'a biyar ina gaishe ta tana kallon bango. Ban fasa shara ba, nakan kawo takardun in ɗora dutse a kai a bakin ƙofarta, matar fasto ta karanta mata. Wannan horon ya fi mini duka ciwo, kuma na cancance shi. Har yau in na tuna tsohon nan abinci fita raina yake yi.

A Juma'a ta shida na shigo na tarar ta ajiye bokiti da soso da sabulu a tsakar gida. Ba ta dube ni ba ta ce, "Akawu, tashi ki yi wa Baƙuwa wanka. Hotonta ya tsufa, za a sake." Na yi mata wanka ina hawaye, na shafa mata man kaɗanya, na sa mata kwalli, Gwaggo ta ciro atamfarta ta zuwa biki ta ba ta. Na ɗauki ɗankwali zan ɗaura mata, sai na ji an buge mini hannu.

"Bar ta ta ɗaura da kanta. Kai ne ya manta, hannu bai manta ba."

Baƙuwa ta karɓi ɗankwalin ta jujjuya shi. Can sai yatsunta suka kama aiki da sauri, ta naɗa shi sau biyu, ta ƙulle a saman kunnen hagu, ta cusa gefe ɗaya ciki, ta bar ɗayan ya sauko har kafaɗa. Ban taɓa ganin mai irin wannan ɗaurin a Minna ba. Haka na ɗauke ta. Daga ranar ya zama ƙa'ida, ba a ɗaukar kowa sai ya yi wanka ya ci ya ƙoshi, kuma hula ko ɗankwali shi zai sa da hannunsa, ko da a karkace ne.

Surukin Baffa ya dawo da takardu, ya ce akwai masu son taimakawa in za a mayar da irin hotunan can. Gwaggo ta saurare shi har ya gama, ta ba shi goro. "Ka gaida masu kuɗin," ta ce. "Ka ce musu mutanenmu sun yi wanka." Rufin nan direbobin tasha ne suka hau suka gyara shi wata Asabar.

Shekaru suka yi ta wucewa. Fuskoki na hawa suna sauka, ta Baƙuwa na nan a sama ba wanda ya tambaya. Baffa ya ce a cire, an gaji da ganinta, wannan ba ta da kowa. Gwaggo ta ce tana da mai ita, bai dai iso ba tukuna. Baƙuwa ce ke tsince mata shinkafa, ita ke riƙe mata buta lokacin da ƙafafu suka fara kumbura. Suna zama su biyu a inuwa, ɗaya na ta faɗa, ɗaya ba ta cewa uffan, kuma ban taɓa ganin aminai irinsu ba.

Da ciwo ya kwantar da ita, wata la'asar na zo na ce zan ɗauki hutu in zauna jinya, shafin ya jira. Ta buɗe ido ɗaya. "Wa ya gaya miki masu nema suna hutu? Juma'a dai, Akawu. Ko ina kan gado ko ina ƙarƙashin ƙasa, Juma'a dai." Na ce ta daina irin wannan maganar. Ta ce in daina yi mata tsawa a gidan ubanta.

Ranar da ta rasu, kafin a dawo daga maƙabarta ma sosai, Baffa ya tattara kayanta ya zuba a akwati. Wayarta, wadda lambarta ke rubuce da manyan baƙaƙe a shafi, ya kashe ya jefa ciki ya kulle, ya ce kayan gado ne, ba a taɓawa sai an raba. Na roƙe shi, ya ce in kama kaina. Ranar Alhamis kuma ya tara mu ya yanke hukunci: da an yi sadakar bakwai za a miƙa Baƙuwa ga hukuma su san inda za su kai ta, wannan shafin ma a rufe shi, mai abin ta tafi. Baƙuwa na zaune a ƙofar ɗakin Gwaggo riƙe da butarta. Tun Laraba ba ta ci komai ba.

To wannan ce Juma'ar da na fita. Na isa shagon babu wuta, na zauna kan benci da jajayen idanu ina jiran a tada janareta. Saƙo huɗu na tarar. Uku na ta'aziyya ne. Na huɗun daga wata mata ce, nas a wani asibiti a kudu, 'yar kudancin Kaduna. Ta ce wata 'yar cocinsu ce ta dawo daga taron mata da sunan shafinmu a rubuce a bayan littafin waƙa. Ta ce uwarta ta fita zuwa kasuwa shekaru da yawa da suka wuce, bayan rasuwar ƙaninta, ba ta dawo ba. Fuskar da ke hotonmu ta tsufa, ba za ta iya rantsuwa a kanta ba, amma ɗaurin ɗankwalin nan mutum ɗaya ta sani a duniya mai yinsa. Ta kira lambar tun Laraba da yamma, a kashe. Sau biyu 'yan damfara sun taɓa yaudararta da labarin uwarta, don haka in ba ta ji amsa ba za ta ɗauka wannan ma irinsu ne, ta haƙura gaba ɗaya. Da Turanci ta rubuta, sai layin ƙarshe ta yi shi da Hausa: "Don Allah, akwai mutum a wurin nan?"

Na rubuta mata: akwai. Na sa lambata. Ban kai bakin titi ba wayata ta yi ƙara.

Ranar Talata, ranar sadakar bakwai, gida cike, matar nan ta yi sallama. Doguwar mace ce da jakar tafiya, ta yi ɗaurin ɗankwali a saman kunnen hagu, gefe ɗaya a kafaɗa. Ta durƙusa a gaban Baƙuwa ta kira ta da wani suna, ta yi magana da yarensu. Baƙuwa ta dube ta ba alamar ta gane. Ta dubi fuskar, ta ɗaga ido ta dubi kan. Sai ta ajiye butar Gwaggo, ta miƙa hannu ta warware ɗankwalin matar, ta kakkaɓe shi, ta naɗa mata sau biyu ta ƙulle tamau, tana faɗin wata doguwar magana cikin faɗa. Mu da muka shekara da shekaru ba mu ji komai daga bakinta ba sai "na gode", muka tsaya baki buɗe.

Matar fasto ta ce, "Me ya ce? Don Allah me ya ce?"

'Yar tata na dariya tana kuka lokaci guda. "Ta ce har yanzu ban iya ba. Ta ce sau nawa za ta nuna mini."

Matan coci suka ɗauki waƙa, matan gidanmu na ta salati, wadda ta yi raɗar jidali ma na gan ta tana goge ido da bakin mayafi. Baffa ya leƙo daga zaure ya ga abin da ke faruwa ya koma. Da yamma ya aiko mini da wayar Gwaggo a ƙulle cikin leda, ba tare da ko kalma ɗaya ba, ni ma ban nemi kalmar ba. Da na kunna ta, kiran matar nan ne jere a ciki.

Sun tafi ranar Alhamis. Baƙuwa ta ƙi sakin butar, muka ce ta tafi da ita, in Baffa na so ya sa a cikin rabona. Washegari na je na cire hotonta kamar yadda doka ta ce.

Tun daga lokacin mutane ke ce mini in sa hoton Gwaggo a saman shafin, da baƙin zane da addu'a, wai don a tuna da ita. Waɗanda suka zage ni ranar sadakar uku su ne kan gaba wajen wannan shawarar. Ba zan sa ba. Wurin nan na waɗanda ake cigiya ne, Gwaggo kuwa ba ta ɓata ba, mun san inda ta tafi, muna kuma roƙon Mai ita ya karɓe ta da irin karɓar da ta yi wa baƙinsa, ya yafe mata kaifin harshe, ya haskaka mata kabari. A gurbin Baƙuwa yanzu akwai wani dattijo da aka tsinta a tasha makon jiya, ya yi wanka, ya ci ya ƙoshi, ya kafa hularsa a karkace da hannunsa.

Mai son yi mini ta'aziyya ƙofata a buɗe take daga Asabar zuwa Alhamis. Ranar Juma'a kada ya wahalar da kansa, ba zai same ni ba, ina wurin shara.